Minna ta Jamusawa da Minna ta Gbagyi: Suna Ɗaya, Asali Biyu

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne gari ya ci sunan mace. Daura tana da Daurama. Zariya kuwa, tarihin baka ya ce sunan 'yar Bakwa Turunku ta ci, wato ƙanwar Sarauniya Amina. Katsina ma an ce sunan matar Janzama ne, sarkin Durɓi ta Kusheyi. Saboda haka idan aka gaya wa Bahaushe cewa can a ƙasar Jamus akwai mata masu suna Minna, kuma an yi shekaru aru-aru ana raɗa sunan, ba zai daɗe ba zuciyarsa za ta ƙulla masa labari. Zai ce ai lalle wani Bature ne daga cikin masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya tuna da matarsa ko 'yarsa, ya laƙaba wa tashar sunanta, har garin ya tashi da shi.

Wannan zato yana da abin jingina. Fatakwal dai sunan Lewis Harcourt ta ci a 1913, lokacin yana sakataren ƙasashen da Ingila ke mulka. Sunan Nijeriya kansa wata 'yar jarida ce, Flora Shaw, ta ba da shawararsa a 1897, kafin ta auri Lugga. Jamusawa kuma ba baƙi ba ne a tarihinmu. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Paul Staudinger ya ratsa ƙasar Hausa a 1885 da 1886. J. F. Schön, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, haifaffen Jamus ne. Duk da haka, kama da wane ba ta wane. Maƙalar nan za ta bi sawun sunan nan na matan Jamus daga tushensa, ta duba yadda ya hau da yadda ya gangaro, sannan ta dawo gida ta dubi Minna ta Jihar Neja da garin Kuta, wanda tarihinsa ya sarƙe da nata, domin a ga inda kunne ke haɗa abin da tarihi ya raba.

Mafarin sunan a Jamus

Tsofaffin Jamusawa da danginsu, wato kakannin mutanen Ingila da Holan da ƙasashen arewacin Turai, sun saba gina suna da kalmomi biyu. Akasarin kalmomin na yaƙi ne da daraja, kuma ba a ware mata daga wannan al'ada ba. Matilda, alal misali, haɗin ƙarfi ne da yaƙi. Gertrud haɗin mashi ne da ƙarfi. Adelheid, wadda daga gare ta Alice ta fito, tana nufin mai asali. Cikin irin waɗannan sunaye akwai na maza da ake kira Wilhelm, wanda Ingilishi suka mayar William. Kashinsa na farko yana nufin niyya ko ƙudurin zuci, na biyu kuwa kwalkwali ne, wato hular ƙarfen da mayaƙi ke kare kansa da ita. Da aka so raɗa wa 'ya mace sunan, sai aka yi masa ɗafi ya koma Wilhelmine ko Wilhelmina.

Dogon suna ba ya zama lafiya a bakin uwa. Yadda muka mayar da Hadizatu Dije, A'ishatu Shatu, Maryamu Mairo, Aminatu kuma Mina, haka Jamusawa suka datse Wilhelmine suka bar wutsiyarta, ta zama Mina ko Minna. Wannan ita ce babbar hanyar da sunan ya biyo. Shahararrun matan da tarihi ya sani da Minna, idan aka bincika takardun haihuwarsu, galibi Wilhelmine za a tarar. Matar farko ta mawaƙin nan Richard Wagner, wadda aka sani da Minna Planer, haka abin yake gare ta.

Sai dai akwai wata hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko daɗin ji. A tsohon Jamusanci akwai kalma minna, wadda daga baya ta koma minne. Ma'anarta ta asali ita ce tunawa, sannan ta zama tunawa da wanda ake ƙauna, daga nan ta zama ƙaunar kanta. Masana harshe sun danganta ta da wani tsohon tushe mai nufin tunani, kuma har yau a harshen mutanen Suwidin minne na nufin abin tunawa, a harshen Holan kuwa beminnen na nufin a so mutum. Idan ana neman kalmar Hausa da ta fi kusa da ita, ba a wuce bege. Mai bege ai tunawa yake yi, kuma abin begensa ba ya kusa da shi. Duk wanda ya taɓa sauraron masu begen Annabi da daddare ya san cewa akwai ƙaunar da nisa ke ƙara wa ƙarfi.

A kan wannan kalma aka gina wani babban reshe na adabin Jamus tun daga ƙarni na 12 har zuwa na 14, wanda ake kira Minnesang, wato waƙar bege. Mawaƙan fada ne ke yin ta, wasunsu ma 'ya'yan sarauta ne da barade. Bambancinsu da makaɗan fadarmu shi ne, namu sarki suke wasawa, su kuwa a wannan fanni wata mace mai daraja suke yabo, wadda sau da yawa ta fi ƙarfin mawaƙin, ba ya kuma sa ran samunta. Ladan wahalarsa shi ne gyaruwar halinsa. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Walther von der Vogelweide, wanda ya rayu tsakanin wajejen 1170 da 1230. An tattara waƙoƙin mawaƙa kusan 140 cikin wani kundi mai zane-zane da aka rubuta a birnin Zurich a farkon ƙarni na 14, wanda ake kira kundin Manesse, yana kuma ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Heidelberg.

Kalma ma tana tsufa, tana kuma zubar da mutunci. Kafin ƙarshen ƙarni na 15 ma'anar minne ta zame daga bege ta koma sha'awar jiki, har masu kunya suka daina furta ta, kalmar Liebe ta gaje wurinta. Mu ma mun ga irin wannan. Magajiya sarauta ce mai girma a Daura da wasu masarautu, amma a bakin 'yan bariki ta koma sunan shugabar mata masu zaman kansu. Minne ta yi fiye da shekara ɗari biyu a kwance, sai a 1758 da 1759 wani malami na Zurich, Johann Jakob Bodmer, da abokin aikinsa Breitinger suka buga waƙoƙin kundin Manesse, masu ilmi suka sake jin kalmar da tsohuwar ƙimarta. Daga nan ne kunnen Jamusawa ya haɗa Minna ta Wilhelmine da minne ta mawaƙa. Sunan da asalinsa kwalkwalin yaƙi ne sai ya wayi gari ana fassara shi da ƙauna. Ke nan tun a can gidansu, kafin a zo maganar Nijeriya, sunan ya riga ya zama kogi biyu da suka haɗu.

Hawa da gangara

Abin da ya ɗaga sunan sama shi ne wasan kwaikwayo. A 1767 Gotthold Ephraim Lessing ya fitar da wasansa mai suna Minna von Barnhelm, aka kuma fara nuna shi a Hamburg a wannan shekara. Labarin ya faru ne a wani masauki a Barlin, jim kaɗan bayan Yaƙin Shekara Bakwai da aka gwabza daga 1756 zuwa 1763. Minna 'yar manyan gida ce daga ƙasar Saksoni. Saurayinta, Manjo Tellheim, hafsa ne na rundunar Farusiya, wato ƙasar da ta yaƙi tata. An sallame shi daga soja da rauni a hannu, ga talauci, ga zargin cin hanci da bai ci ba. Sai ya ce shi kam ba zai aure ta ba, domin mutumin da ya rasa dukiya da mutunci bai dace da mace irinta ba. Ita kuwa da ta ga girman kai ne ke neman raba su, sai ta yi masa dabara, ta sa aka gaya masa cewa an hana ta gado saboda shi, ta zama abar tausayi. Nan take ya dawo yana roƙon ta aure shi. Da haka ta nuna masa cewa abin da yake kira mutunci, rabinsa son a ce shi ne mai bayarwa ne.

Wasan ya karɓu ƙwarai, har yau kuma ana karanta shi a makarantun Jamus. Jamusawa sun ga mace mai hankali da raha wadda ta fi namijin ganin nesa, suka kuma ga sulhu tsakanin ƙasashe biyu masu harshe ɗaya da yaƙi ya raba. Iyaye suka shiga raɗa wa 'ya'yansu sunan, mawaƙa suka riƙa sa shi cikin waƙoƙin soyayya, cikinsu har da Schiller. A Birtaniya kuma Walter Scott ya sa wa ɗaya daga cikin 'yan matan littafinsa The Pirate, wanda ya fito a ƙarshen 1821, suna Minna, ta haka masu karatun Ingilishi suka san shi.

Wani abin da ya ƙara masa yawa shi ne gidan sarauta. Sunan Wilhelm ya yi kaka-gida a gidan sarautar Farusiya. Wilhelm na ɗaya ya zama sarkin sarakunan Jamus a 1871, jikansa Wilhelm na biyu ya yi mulki daga 1888 zuwa 1918. A Holan kuma Sarauniya Wilhelmina ta hau gadon sarauta a 1890 ta sauka a 1948. Talaka a ko'ina yana son sunan sarkinsa. Mu ma nan mun ga yadda aka yi ta samun masu suna Ahmadu Bello da Murtala bayan 1966 da 1976. Haka manoma da leburorin Jamus suka cika gidajensu da Wilhelmine, kowacce kuma Minna ake kiranta.

Yawan nan shi ya jawo wa sunan faɗuwa. A ƙarni na 19 birnin Barlin ya bunƙasa da masana'antu, 'yan mata suka riƙa kwararowa daga ƙauyuka suna neman aikatau a gidajen masu hali. Da yawansu Minna ne. Sannu a hankali sunan ya zama kamar sunan sana'ar, har ana ruwaito cewa wasu iyayen gida ba sa wahalar koyon sunan sabuwar 'yar aiki, Minna kawai suke kiranta, ko mene ne sunan da ubanta ya raɗa mata. Abin ban mamaki, a wasan Lessing uwar ɗakin ce Minna, mai yi mata hidima kuwa Franziska. Cikin shekara ɗari sunan ya sauko daga bene ya koma madafa.

Bai tsaya nan ba. Keken doki mai launin kore da 'yan sandan Barlin ke ɗaukar fursunoni a ciki, mutanen gari suka sa masa suna grüne Minna, wato Minna koriya, sunan kuma ya bi motar fursuna har bayan da aka daina amfani da dawaki. Mai karatu zai tuna cewa tamu motar fursunan ma sunan mace gare ta, Bilak Mariya, wadda muka gada daga Ingilishi. Akwai kuma wani salon magana a Jamusanci da ke cewa an mayar da wane Minna, ma'ana an yi masa tatas, an ci mutuncinsa. Idan suna ya kai wannan matsayi, masu hali su ne ke fara gudunsa, talakawa su biyo baya. Haka aka yi. A tsakiyar ƙarni na 20 da wuya a ji jaririya mai suna Minna a Jamus, sai dai kaka ko gwaggo.

A ganina babu abin da ya sami sunan face abin da ya sami masu shi. Haruffansa biyar ba su canza ba tun zamanin Lessing. Abin da ya canza shi ne wace ce ke amsawa idan an kira, da kuma wane ne ke kiran. Mu duba namu. Delu da Kande da Talatu da Ladi sunaye ne masu ma'ana, suna faɗin ranar da aka haifi yarinya ko matsayinta cikin 'yan'uwanta. Amma tun da aka fara jin su a bakin matan birni suna kiran 'yan aikin da aka kawo musu daga ƙauye, sai ga shi 'yar boko tana jin nauyin a kira ta da su a gaban ƙawayenta.

Duk da haka akwai matan da suka riƙe sunan da daraja a daidai lokacin da yake gangarowa. Minna Cauer, wadda ta rayu daga 1841 zuwa 1922, tana cikin jagororin neman 'yancin mata a Barlin, ta kuma shafe shekaru fiye da ashirin tana fitar da jaridar mata. Amma inda sunan ya sami gida na biyu shi ne ƙasar Finlan, alhali harshen mutanenta ba dangin Jamusanci ba ne ko kaɗan. Dalili kuwa mace ɗaya ce, Minna Canth, wadda aka haifa a Tampere a 1844 da sunan Ulrika Wilhelmina. Mijinta ya rasu a 1879 ya bar ta da 'ya'ya bakwai. Ta koma garin Kuopio ta riƙe kantin yadi, tana ciniki tana rubutu. Wasanta na 1885 a kan matar lebura ya tona yadda doka ta ba miji iko da kuɗin da matarsa ta samu da guminta, ko da a giya zai ƙarar da su. Ta sha suka daga malaman coci da masu mulki, ta rasu a 1897. Tun daga 2007 ake ɗaga tutar ƙasar ranar 19 ga Maris, ranar haihuwarta, a matsayin ranar daidaito, kuma ita ce mace ta farko da aka yi wa wannan karamci a ƙasar. A shekarun 1960 da 1970 Minna na cikin sunayen da aka fi raɗa wa 'yan mata a Finlan, a lokacin da Jamusawa ke ganinsa sunan tsofaffi. A Jamus ɗin ma, tun da aka shiga ƙarni na 21 iyaye suka fara tono sunayen kakanni irin su Emma da Frieda da Mathilda, Minna ma ta biyo su a hankali, domin waɗanda suka san ta a matsayin 'yar aiki sun ƙare.

Minna ta gida

Yanzu sai mu baro Turai mu dawo Jihar Neja. Ƙasar da Minna take ƙasar Gbagyi ce, mutanen da Hausawa ke kira Gwari. Kafin zuwan Turawa, Minna ƙaramin gari ne a kan duwatsun da ke kallon birnin yanzu. Zaman kan dutse ba don sha'awa ba ne. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim sun addabi ƙasar Gbagyi da hare-haren kamun bayi, har zuwa 1901 da Turawa suka kori Ibrahim daga garinsa. Wanda ke da dutse a bayansa ya fi mai zaman fili kwanciyar hankali.

Masu garin suna da bayaninsu game da sunan. Sun ce kalmomi biyu ne na harshensu, na farko yana nufin watsawa ko yaɗawa, na biyu kuma, wato na, yana nufin wuta. Tarihin bakan ya danganta wannan da wani biki na shekara-shekara, inda akan kashe wutar kowane murhu, a kunna sabuwa, daga ita kowane gida ya ɗiba, ta haka wuta ɗaya ta yaɗu cikin gari a shiga sabuwar shekara da ita. Bayanin yana da abin da ke ƙarfafa shi ta fuskar harshe, domin a Nufanci, wanda ɗan'uwan harshen Gbagyi ne na kusa, ena ake ce wa wuta. Sunan ke nan yana zaune daram cikin harshen masu wurin da al'adarsu, ba ya bukatar a je Barlin a nemo masa uwa.

Abin da Turawa suka kawo shi ne dogo. An fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, a bakin Kwara, a 1907, ta isa Kano a 1911. Da aka haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko ta Jaba da Zungeru, sai mahaɗar ta faɗo a gindin duwatsun Minna. Tashar ta ari sunan garin da ta tarar a kan dutse, kamar yadda tashoshi da yawa suka yi. Leburori da 'yan kasuwa da ma'aikata suka taru, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, sabon gari ya tashi a fili. Sunayen unguwanni irin su Limawa da Ƙetaren Gwari sun isa shaida a kan harshen da ya zama na kasuwa. Shi ya sa marubuta biyu na kudu, Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, duk a Minna aka haife su. A 1976 garin ya zama babban birnin sabuwar Jihar Neja.

A nan ne maganar Kuta ta shigo. Kuta tana arewa maso gabas da Minna, ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro, ƙasar doya, kusa da madatsar ruwan da aka buɗe a kan kogin Kaduna a 1990. Kafin jirgi, Kuta ta fi Minna suna da girma cikin garuruwan Gbagyi na wannan yanki. Da Turawa suka tsara lardin Neja, sunan Kuta suka sa wa gundumar. Amma gari mai tasha ya fi gari mai tarihi jan mutane. Ofisoshi suka koma bakin dogo, gundumar ta koma amsa sunan Minna, har sarautar ma ta bi, domin Alhaji Ahmadu Bahago, wanda ya zama Sarkin Minna, daga gidan sarautar Kuta ya fito. Yadda wasan Lessing ya ɗauki wani guntun suna na cikin gida ya kai shi fada, haka jirgin ƙasa ya ɗauki sunan wani ƙauyen kan dutse ya ɗora shi bisa na Kuta. A yau wanda zai kwatanta wa baƙo inda Kuta take, sai ya ce kusa da Minna.

Ko a gidajen Kiristocin yankin, inda za a yi tsammanin samun sunayen Turawa, Minna ta Jamus ba ta sami shiga ba. 'Yan mishan sun yi aiki cikin Gbagyi a Paiko da Kuta tun farkon ƙarni na 20, amma sunayen da suka fi kama ƙasa na Littafi Mai Tsarki ne cikin siffarsu ta Hausa, irin su Rifkatu da Saratu da Rahila da Hannatu. Inda Bahaushe ke jin wata Minna ban da ta Neja shi ne wajen aikin hajji, domin alhazanmu da yawa haka suke furta sunan kwarin Mina da ke kusa da Makka. A Larabci kuma akwai minna mai nufin baiwa ko kyauta, wadda daga tushenta sunan Allah Al-Mannan ya fito. Ga Minna huɗu ke nan, ta kwalkwali da bege, ta wuta, ta mahajjata, da ta baiwa, ba wadda ta haifi wata. Baƙaƙen mim da nun suna cikin sautukan da kusan kowane harshe ke da su, saboda haka haɗuwarsu a wurare masu nisa da juna ba abin mamaki ba ne.

Me ya sa za a ɓata tawada a kan wannan? Dalili shi ne muna da wata ɗabi'a ta fassara sunan kowane wuri da harshenmu, ko mu jingina shi ga wani baƙo daga gabas ko daga Turai, kamar dai masu wurin ba su da bakin raɗa suna. Wani lokaci fassarar takan dace, kamar Abuja da ta ci sunan Abu Ja, da Suleja da aka sa wa sunan Sarki Sulaimanu Barau bayan da aka ɗauki tsohon sunan aka ba sabon babban birnin tarayya. Wani lokaci kuwa akwai ja. Mu mun ce Kaduna jam'in kada ce, alhali akwai Gbagyi da ke cewa daga sunan da suke kiran kogin ne da harshensu. Kafin a yanke hukunci ya kamata a ji ta bakinsu, kuma ba kasafai muke tambaya ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi. Abin da matan Barlin suka yi wa sunan Minna, mu mun yi wa sunan al'umma guda. Daga kalmar Gwari muka ƙera gwaranci, muna nufin maganar da ba ta fita, muka kuma mayar da Bagwari abin ba'a a wasannin kwaikwayo da hirar dandali. Ba abin mamaki ba ne da masu sunan suka dage a kira su Gbagyi, yadda suke kiran kansu. Abin lura kuma, Frank Edgar, Baturen da ya tattara mana Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, wanda ɗaliban sashen Hausa ke tinƙaho da shi, ya riga ya buga nahawun harshen Gbari tun 1909. Shi ya ga harshe mai ƙa'ida a inda mu muka ji gwaranci.

Sunan Minna ta Jamus yana da kundin Manesse da littattafan coci da ƙamusoshi da ke riƙe da tarihinsa, ko bayan shekara ɗari wani zai iya bin sawunsa. Sunayen garuruwan ƙasar Kuta kuwa, yawancin bayaninsu a kan tsofaffi yake. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Shiroro. A watan Afrilu na 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. Mutanen wurare irin su Allawa da Bassa da Kurebe da Galadima Kogo sun sha barin gidajensu, da yawa suka fake a azuzuwan makarantu a Kuta da Gwada, cikinsu har da dattawan da suka san dalilin da ya sa kowane dutse da rafi da kufai na ƙasarsu yake amsa sunan da yake amsawa.